TSUTSAR CIKI DA SOJOJIN JINI: INA IYAKAR YAƘI DA ƁARNA?

 

'Yan'uwa, ga tambayar da nake so mu tauna yau. Idan ɓarna ta shigo gidanka, kuma ta fi ƙarfin ka kawar da ita a tashi ɗaya, mene ne daidai? Ka afka mata da duk abin da ka mallaka ko da gidan zai rushe a kanku, ko ka zauna da ita? A wannan dandali amsa ɗaya muka fi sani: a afka. Duk wanda ya ce a bi a hankali, to ko dai matsoraci ne ko an saye shi. Ni ban gamsu da wannan amsar ba, kuma ban gamsu da kishiyarta ba. Don haka zan ɗauke ku zuwa wani fagen fama da ke cikin jikin ɗan Adam, inda ake fuskantar wannan tambaya dare da rana, mu ga yadda ake yi da ita a can.

A cikin ɗan ɗigon jini kamar kan allura, akwai fararen ƙwayoyin jini tsakanin 4,000 zuwa 11,000. Su ne muke kira sojojin jiki. Mafi yawansu aikinsu haɗiya ne. Idan ƙwayar cuta irin ta bakteriya ta shigo ta wani rauni, sai su rufar mata, su haɗiye ta, su narkar da ita a cikinsu. Mugunyar da kake gani a ƙurji, yawancinta gawarwakin waɗannan sojoji ne da suka mutu a bakin aiki. Wannan yaƙi ne mai sauƙin fahimta: ga maƙiyi, ga shi ƙarami, a cinye shi a huta.

To amma tsutsa fa? Farar ƙwayar jini sai ka jera sama da 60 kafin su cika milimita ɗaya. Macijin ciki kuwa yakan kai santimita 35, macensa na zuba ƙwai kusan 200,000 a rana. Wato ya fi sojan da ke yaƙarsa tsawo sau fiye da dubu ashirin. Ta ina za a fara haɗiyarsa? Kamar ka ce wa kiyashi ya haɗiye kuka ne. Kuma ba ƙaramar matsala ba ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan biliyan 1.5 ne ke ɗauke da tsutsotsin hanji da ake ɗauka daga ƙasa.

Sai jiki ya sauya salo gaba ɗaya. A bangon hanji akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu tukku a ka, waɗanda sai a shekarar 2016 masana suka gano cewa su ne 'yan gadi: suna ɗanɗano abin da ke wucewa, da sun ji alamar baƙo sai su aika saƙo. Saƙon ya isa ga wani rukuni na fararen ƙwayoyi masu ba da umarni, su kuma su raba aiki. Hanji ya fara zubo yauƙi da ruwa, ya riƙa murɗawa da ƙarfi, fatarsa ta ciki ta riƙa sabuntawa da sauri don tsutsar ta rasa wurin maƙalewa. Kamar yadda uwargida ke watsa ruwa a tsakar gida ta bi da tsintsiya. Ba a kashe tsutsar ba, an dai sa zama ya gagare ta. Ɓargo kuma ya sami umarnin ƙara haifo wani soja da ake kira iyosinofil, wanda wani likita Bajamushe, Paul Ehrlich, ya bayyana a 1879 bayan ya ga yana shan jan rini. A jinin mai lafiya ba ya wuce 500 a wannan ɗan ɗigon, shi ya sa idan likita ya ga ya haura a takardar gwaji, tsutsa na cikin abubuwan farko da yake tuhuma. Shi wannan soja ba haɗiya ce babbar sana'arsa ba. Yakan lafe a jikin ƙaramar tsutsa, inda wani sinadari mai suna IgE da 'yan'uwansa suka yi mata shaida, ya juye mata dafin da ke cikinsa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wannan: saƙon da ke kiran mayaƙa, shi ne kuma yake kiran magina. Ɗauki tsutsa mai ƙugiya. 'Ya'yanta na shiga ta fatar ƙafar wanda ke yawo ba takalmi, su bi jini zuwa huhu, su huda su fito, a yi tarinsu a haɗiye, sannan su sauka hanji su fara shan jini. Duk inda suka bi sun bar ɓaraka. Sai ka ga manyan ƙwayoyin nan da aka sani da haɗiya sun ajiye wannan sana'a sun koma ɗinki, suna toshe rami, suna tsayar da zubar jini. Rundunar da ke fita yaƙi da birkiloli a bayanta, ai ta san cewa a cikin garinta ake gwabzawa.

Kafin in wuce, bari in toshe wata ƙofa. Ƙwayar jini ba ta da hankali, ba ta da niyya, ba a rubuta mata lada ko zunubi. Ba a ciro hukunci daga gare ta. Abin da nake kawowa misali ne na buɗe tunani, ba hujja ba. Kada wani ya je ya ce Malam ya kafa dalili da tsutsa.

Yanzu mu zo inda maganar take da nauyi. A manyan cututtukan tsutsa da suka addabi ƙasashenmu, mafi yawan ɓarnar da muke gani da ido ba tsutsar ce ke yin ta da bakinta ba. Martanin jiki ne.

Kun san tsargiya. Wani likita mai suna Theodor Bilharz ne ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851. Yaro ya shiga kududdufi ko madatsar ruwa inda ƙananan dodon koɗi ke zaune, 'ya'yan tsutsar su huda fatarsa su shige. Idan sun girma sai su tare a jijiyoyin jini kusa da mafitsara, wani nau'in kuma kusa da hanji, su yi shekaru a nan. Babbar tsutsar mayaudariya ce, takan lulluɓe kanta da sinadaran jinin mai gidan, sojoji su zo su wuce ta suna zaton ta gida ce. Rigimar tana kan ƙwai. Wasu ƙwayayen suna fita ta fitsari ko bayan gida, wasu kuma su maƙale a nama. Kowane ƙwai da ya maƙale, sai fararen ƙwayoyin jini su kewaye shi su gina masa katanga, daga baya katangar ta zama tabo.

Shin gina katangar kuskure ne? A'a. Masana sun gwada a jikin ɓeraye waɗanda aka raba su da ƙwayoyin da ke ba da umarnin ginin, sai ɓerayen suka mutu da wuri, saboda dafin da ƙwan ke fitarwa ya ci hantarsu ba shamaki. Kowace katanga ita kaɗai daidai ce, ceto ce. Amma ƙwai ba ɗaya ba ne, ɗaruruwa ne kullum, shekara da shekaru. Tabo kan tabo, har hanta ta ƙandare, jini ya rasa hanyar wucewa, saifa ta kumbura, ciki ya cika da ruwa, wata rana mutum ya yi aman jini. A mafitsara kuma bango ya yi kauri, hanyar fitsari daga ƙoda ta toshe, wani lokaci abin ya kai ga ciwon daji.

Na daɗe ina juya wannan a raina, domin na ga irinsa a zamantakewarmu. Ka yanke hulɗa da wane saboda ya zalunce ka, kuma da gaske ya zalunce ka. Ka toshe wane a Facebook saboda ya zage ka, kuma da gaske ya zage ka. Ka daina zuwa gidan gwaggonka saboda maganar da ta faɗa ranar rabon gado. Ka bar masallacin unguwa saboda liman ya yi abin da ba ka yarda da shi ba. Idan aka tsare ka a kan kowanne ɗaya, kana da hujja, wataƙila ma mai ƙarfi. Amma babu ranar da ka zauna ka haɗa lissafin katangun gaba ɗaya. Sai ka wayi gari kana da shekara 50, zuciya ta ƙandare, babu ta inda alheri zai bi ya shigo, kai kuma kana ganin ba ka taɓa yin kuskure ko sau ɗaya ba. A ganina wannan na cikin mafi wuyar tarkon da mai gaskiya ke faɗawa, domin ba a kama shi da laifi a ko'ina.

Ga makantar rafi kuma, wadda baƙin ƙuda na bakin koguna masu gudu ke yaɗawa. Manyan tsutsotsin suna kwance cikin ƙullutu a ƙarƙashin fata, suna iya kai shekara 10 zuwa 15. 'Ya'yansu ne ke yawo a fata har su shiga ido. Muddin suna raye, ido bai cika damuwa da su ba. Idan suka mutu ne, wata bakteriya da ke zaune a cikinsu ta fito fili, sai sojoji su yi dafifi a kan baƙin ido. Ido kuwa ba fili ba ne da za a yi sukuwa a kai. Kumburi bayan kumburi, sai gilashin ido ya dushe, gani ya tafi. Akwai wani tsohon magani da ake kira DEC, mai kashe 'ya'yan tsutsar cikin gaggawa. An daina ba da shi a wuraren da wannan cuta take, saboda kisan gaggawar kan tayar da tarzomar da ke iya lalata idon da ake son ceta. A Yaman da Sudan kuma akwai nau'in cutar da suke kira sauda: jikin mutum ya yi yaƙi sosai har da ƙyar a sami tsutsa a fatarsa, amma ƙafar ta yi baƙi, ta yi kauri, ƙaiƙayi ya hana shi barci. Ya ci yaƙi, ya rasa fata.

Kakanninmu sun san wannan ilimi ta hanyar kurkunu, tun kafin a zo da madubin likita. Idan ya ɓullo a ƙafa ba a fizgarsa. Ana naɗe shi a ɗan tsinke, kaɗan yau kaɗan gobe, wani lokaci har makonni, domin idan ya tsinke a ciki ƙafar kan kumbura fiye da da. Alhamdulillah, a 2013 aka tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da kurkunu, matasan yanzu sai dai labari.

Malamanmu ma ba su bar wannan babi ba. Ibnul Ƙayyim, a cikin I'ilamul Muwaƙƙi'in, ya kasa hani da mummuna gida huɗu gwargwadon abin da zai biyo baya: ko ɓarnar ta gushe alheri ya maye gurbinta, ko ta ragu, ko wata irinta ta maye, ko wadda ta fi ta muni ta maye. Biyun farko ya ce a yi, na uku wurin ijtihadi ne, na huɗu kuwa haramun ne. A nan ne ya kawo labarin malaminsa Ibnu Taimiyya, da ya hana abokan tafiyarsa tsawata wa wasu Tatar da ke shan giya, don ya san idan suka wartsake kisan mutane da kwasar dukiya za su koma. Ku lura, ma'aunin ba zafin kishin mai hanin ba ne. Ma'aunin shi ne yadda za a bar wurin bayan an gama.

To, nan wani zai ce: Malam, ashe dai a zauna lafiya da ɓarna ke nan, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru? Wannan tambaya ce mai kyau, kuma jikin ma ya amsa ta, amsar ba ta yi wa masu son kwanciya daɗi ba.

Ku dubi tundurmi da gwaiwa, waɗanda tsutsar da sauro ke ɗaukowa take haddasawa. A garin da cutar take, za ka sami mutane iri biyu. Ga wanda ƙafarsa ta kumbura, sau da yawa idan aka duba jininsa ba a ganin 'ya'yan tsutsar, jikinsa ya yi faɗa, hanyoyin ruwan jiki sun lalace. Ga kuma wanda yake yawo garau, ba kumburi ba ciwo, amma idan aka ɗebi jininsa da tsakar dare sai a ga 'ya'yan tsutsa na iyo a ciki. Shi wannan jikinsa ya yi sulhu. Akwai wasu fararen ƙwayoyi da aikinsu shi ne su ce wa sauran a dakata, tsutsar kuma ta iya zuga su don ta sami sakewa. Da gani za ka ce wannan na biyun ya yi dabara. Amma daga jinin wa sauro ke ɗiba ya kai wa yaran maƙwabta? Daga nasa. Zaman lafiyarsa wasu ne ke biyan kuɗinsa. Kuma shi kansa idan aka duba da na'ura, sau da yawa akan tarar ɓarna na gudana a ɓoye.

Haka mai gidan da ya san ɗansa na sayar da ƙwaya a lungu, ya ce shi ba ya son tashin hankali. Haka shugaban ma'aikatar da ya san ana cin kuɗin marayu, ya ce shi mutum ne mai kawaici. Ba kawaici ba ne wannan, ɗaukar cuta ne ana rabawa. Kafin ka kira shirunka haƙuri, tambayi kanka wa ke ɗauke da nauyinsa. Idan kai ne, to wataƙila haƙuri ne, Allah ya ba da lada. Idan wani mai rauni ne da ba shi da bakin magana, sai a nemo masa wani suna.

Akwai kuma wata 'yar ƙaramar tsutsa, masana na kiranta Strongyloides, wadda ke iya hayayyafa a cikin jiki ba tare da ta fita ba. An same ta a jikin tsofaffin sojojin Ingila da aka tsare a gabashin Asiya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, shekaru da dama bayan sun koma gida. Mutum na zaune da ita lafiya lau a zahiri. Amma ranar da aka ba shi magungunan da ke kwantar da garkuwar jiki, irin su dekzametazon, sai ta ɓarke ta mamaye huhu da jini, kuma sau da yawa ajali ke nan. Ashe duk shekarun nan da ake ganin shiru, ba barci sojojin suke yi ba, suna tsaye a kanta ne, sun hana ta wuce iyaka. Wannan shi ne bambancin haƙuri da sakaci: mai haƙuri idonsa biyu, ya san girman abin, ya ja masa layi. A nan zan ɗan ratse in ce wa 'yan'uwa mata da ke sayen irin waɗannan ƙwayoyi a kemis don su yi ƙiba, ku ji tsoron Allah a kan jikinku, masu gadinku kuke sallama.

Ɗaya gefen ma akwai shi. Rundunar nan ta IgE da iyosinofil, ita ce dai ke tashi a kan ƙura da furen ciyawa ta haifar da asma da borin jini. A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2000 kan yara a Gabon, an ga masu tsargiya fatarsu ba ta cika yin bori a kan ƙurar ɗaki ba kamar marasa ita. Sojan da aka horar don babban maƙiyi, idan bai same shi ba, yakan huce a kan abin da bai kai ya kawo ba. Duk wanda ya ga yadda muke kwana muna raddi a kan mas'alar da malamai suka yi saɓani a kanta tun ƙarni na biyu, alhali asibitin garinmu ba ruwa, ya san abin da nake nufi. Kada kuma wani ya fahimci cewa tsutsa magani ce, gwaje-gwajen da aka yi na ba marasa lafiya ita da gangan yawancinsu ba su haifar da abin da aka yi fata ba.

Inda na tsaya ni shi ne: lallaɓawar da jiki ke yi, lallaɓawar wanda ba shi da wata mafita ce. Yana rage ɓarna ne har taimako ya iso. Da zarar an sami hanyar fitar da maƙiyin ba tare da rushe gidan ba, uzurin zama da shi ya faɗi. Kuma a yau hanyar ta samu. Tun 1987 kamfanin Merck ke ba da Mectizan kyauta don makantar rafi, masanan da suka gano shi, William Campbell da Satoshi Omura, sun sami kyautar Nobel a 2015. A watan Janairun 2025 Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta kawar da wannan cuta. Ba da fizga aka yi ba, shekaru aka ɗauka ana feshin ƙuda ana rabon magani, gari bayan gari.

Tsargiya kuwa tana nan daram a tsakaninmu, Najeriya na sahun gaba a duniya wajen yawan masu ita. Har yanzu akwai ƙauyukan da idan yaro ya fara fitsarin jini sai a ce ya zama namiji. Ba balaga ba ce, ƙwai ne ke yaga mafitsararsa. Gaskiya ne jiki na koyon kare kansa a hankali: wani bincike a Gambiya a 1991 ya nuna masu yawan IgE a kan tsutsar, waɗanda galibi manya ne, ba su cika sake kamuwa ba bayan magani. Amma wannan koyo na cin shekaru, kuma a cikin shekarun ne tabon ke taruwa. Maganin firazikwantel na kashe tsutsar, kuma idan aka sha da wuri kumburin mafitsara kan warware, sai dai tabon da ya tsufa a hanta ba lallai ya koma yadda yake ba. Shi ya sa ake bin yara 'yan makaranta da shi.

Don haka ina kira ga iyaye da alarammomi masu tsangaya, musamman na kusa da madatsun ruwa da fadamun shinkafa: idan ma'aikatan lafiya sun zo rabon wannan magani, a fito da yara, almajirai ma a sa su a layi, kuma a tabbatar sun ci abinci kafin su sha, domin yakan sa jiri da tashin zuciya a cikin da ba komai. Sannan a koya musu abin da addini ya riga ya hana, wato yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, domin ƙwan tsargiya ba ya isa ga dodon koɗi sai ta wannan hanya ko ta bayan gida.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wallahu a'alam.